Gurbin da Ya Rage a Mangwaron Tek-an

"Ba zan shiga ba," in ji Ban-lai. "Koma ki ce masa ba ki same ni ba."

"Kawu, ai yana hango ka daga inda yake kwance."

Ban-lai ya ja da baya ya laɓe a jikin gwanda, sai ka ce siririn icen gwanda zai iya ɓoye ƙaton tsoho irinsa. Le-kiau, 'yar maƙwabcinsa Tek-an, tana tsaye a ɗaya gefen shingen, idanunta sun kumbura, ko gashinta ba ta taje ba. Da safiyar nan motar asibiti ta dawo da ubanta gida, ba jiniya, ba gudu. Likitoci sun ce numfashi ne kawai ya rage, shi kuwa numfashin ƙarshe a ƙarƙashin rufin mutum ake yin sa. An shimfiɗa masa katako a babban ɗakin tsakiya, ƙafafunsa na duban ƙofa, an yafa wa gumakan gida ƙyalle don kada su ga abin da zai faru. Ƙofar a wangale take. In ka leƙa ta saman shingen, tafin ƙafafunsa za ka fara gani, farare fat kamar ɓararren rogo.

"To me zan yi masa? Ni likita ne?"

"Ka san abin da yake so."

"Ban sani ba."

"Reshe, Kawu. Ɗan tsinke guda daga mangwaronka, tsawon yatsa. Ya ce gurbi ɗaya ne ya rage a bishiyarsa, kuma naka ne."

"Nawa? Yaushe na ce masa ina neman gurbi?" Ban-lai ya tofar da yawu. "Ki ce masa Yap Ban-lai yana gaishe shi, yana yi masa fatan hanya mai sauƙi. Iyakarta ke nan."

Le-kiau ta dube shi, ta juya ta bi ta ƙarƙashin bishiyar ta koma ɗakin.

Ita wannan bishiya, a tsakar gidan Tek-an take, daidai saitin ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi. Tsohon mangwaro ne ɗan ƙasa, mai zare, wanda babu wanda ya san ranar da aka shuka shi a duk kwarin nan namu na bayan birnin Tainan. Mutum uku in sun haɗa hannu da kyar su zagaye gindinsa. Tek-an tun yana saurayi ya kamu da cutar auren bishiya, wato haɗa reshen wata a jikin wata, kuma ba irin na kasuwa yake aura mata ba. Duk abokin da ya ga yana da mangwaro mai daɗi, sai ya bi shi da naci har ya ba shi tsinke. Shi ya sa bishiya ɗaya take haifar iri-iri: ga ja jawur kamar garwashi, ga dogo mai tsawon damtsen mutum, ga ɗan ƙarami mai lanƙwasar baki kamar aku, ga mai tsami da mata ke jiƙawa da sukari tun yana ɗanye. Kuma ba sunan irin yake kira ba, sunan mai reshen yake kira. Sai ka ji shi da safe yana daga kai yana cewa, "Bana Sui-bok ya yi rowa." Ko kuwa, "Kai, Gurgu Hok, kullum kai ne na farkon fure, ina za ka da sauri haka?"

To, abin da Ban-lai ya lura da shi, wanda ya ce sai mai kaifin ƙwaƙwalwa irinsa ne zai lura, shi ne duk waɗannan mutane sun mutu. Sui-bok ya ba da reshe, motar rake ta kife da shi. Gurgu Hok ya bayar, ciwon hanta ya ɗauke shi. Malam Tiu na makaranta, da boko da tabarau da komai, ya bayar, aka tsince shi a kan kujera da jarida a fuska. In ka ce masa, "Haba Ban-lai, ai Sui-bok sai da ya yi jikoki bayan ya ba da reshen," sai ya zare maka ido.

"Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu."

"To rufe min baki."

Shi kuwa Ban-lai mutuwa ta sha zuwa ta koma da kunya, kuma ba ya bari ka manta. Jiragen yaƙi sun yi ruwan wuta a kan masana'antar sukari yana yaro yana kiwon bauna a gefenta, bauna ta tafi, shi ya dawo gida da igiya. Zazzaɓin sauro ya kwashe yaran layinsu ya bar shi. Girgizar ƙasa ta rufta masa ɗaki a ka, ya fito yana kaɗe ƙura yana tambayar abinci. Maciji ya sare shi a gonar ayaba, a faɗarsa macijin ne ya kwana biyu yana jinya. Bai taɓa zama a bencin makaranta ba, sunansa ma da dangwale yake sa shi, amma ya raka masu karatu da yawa zuwa tudun maƙabarta, ya dawo ya ci shinkafarsa kwano biyu. Abokansa suka sa masa Ƙi-mutu. Asirin abin, in ji shi, ba wani abu ba ne illa kada ka ba mutuwa wurin kamawa: kada ka tsallaka ƙofar da ake jinyar ƙarshe, kada ka kalli akwatin gawa ana buga masa ƙusa, kada kuma ka yarda wani yanki naka ya je ya zauna cikin matattu. Ni da nake ba ku labarin nan abarba na noma duk rayuwata, abarba kuwa ba ta da reshen da za a roƙa, ga ni nan daram na binne su duka. Ban ce komai ba, faɗa kawai na yi.

Mangwaron Ban-lai kuwa, gaskiya a faɗe ta, babu irinsa daga nan har bakin teku. Ko ya nuna kore shar yake zama, sai ka yanka ka ga ciki kamar gwaiduwar ƙwan agwagwa, ƙanshi kamar an zuba zuma a kan hayaƙi. Ba shuka shi ya yi ba. Shekarar babbar ambaliya, ruwa ya tafi da gidansu da uwarsa a ciki, shi ya maƙale a kan gora har ruwan ya janye. Bayan an kwashe taɓo, sai ga ɗan tsiro ya fito daidai inda murhunta yake. Shi ne wannan. Ƙwallonsa ko ka shuka ba ya fitowa da irin uwar bishiyar, sai da reshe. Shi ya sa in ya yi sassabe, tara rassan yake yi ya cinna musu wuta, ya tsaya a kansu har su zama toka.

Rana ta take tsaka. Watan bakwai ne, watan da ake buɗe wa matattu ƙofa su zo yawo, kowane gida da ɗan teburinsa a bakin hanya, da shinkafa da gwangwanin abinci da turaren tsinke a soke, saboda baƙin da ba a gani. Hayaƙin masu busar da 'ya'yan itacen longan yana gangarowa daga tsauni, mai zaƙi, yana kwanciya a kan gonaki kamar hazo. Ban-lai ya zauna a kan kujerar gora a bakin ɗakinsa, ya juya wa shingen baya. Gyare sun cika kwarin da ƙara, sai kuma duk suka yi tsit a lokaci guda, kamar an toshe musu baki. Ya waiwaya.

Tek-an ya kwanta ciwo bai gama tsinke 'ya'yan ƙarshen kaka ba, suna nan a rataye cikin fararen jakunkunan takardar da ake sa musu saboda ƙuda. Ko ganye ɗaya ba ya motsi a gidan Ban-lai. Amma can a kan bishiyar, jakunkunan reshe ɗaya suna lilo a hankali, gaba, baya. Suka tsaya. Na wani reshen suka ɗauka. Sai ɗaya ta tsinke ta faɗo tim, takardar ta fashe, ruwan rawaya ya malalo a kan siminti.

Daga cikin ɗakin kuma numfashin Tek-an ne ke fitowa, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen ice. Ya ja, ya tsaya har ka ce shi ke nan, sai ya sake ja.

"Mutum ya mutu mana ya bar mutane su huta," Ban-lai ya faɗa wa kajinsa.

Ya kasa cin abinci, abin da bai taɓa faruwa ba ko a ranar girgizar ƙasa. Can sai dabara ta zo masa, har ya yi wa kansa murmushi. Ya zagaya bayan ɗakin aladu, inda ɗansa da ke birni ya taɓa dasa jan mangwaron nan na kasuwa, ya yanko tsinke, ya zage masa ganye tas. Tsinke ai tsinke ne. Mai shirin tafiya ina ya ga idon bambancewa?

Bai tsallaka dokin ƙofar ba. Ya tsaya daga waje, ya sa tsinken cikin ragar dogon goran da yake tsinko 'ya'yan itace da shi, ya zura cikin ɗakin. Le-kiau da ke durƙushe tana goge wa ubanta leɓe da jiƙaƙƙiyar auduga ta ɗago ta ga raga na lilo a saman kanta.

Tek-an ya buɗe ido. Dogon mutum ne, yanzu ya zama kamar an jera itatuwa an rufa musu bargo. Wani abu ya kama ƙirjinsa yana girgiza shi, sai da aka jima Ban-lai ya gane dariya ce.

"Ƙi-mutu," ya ce, muryar kamar ana murza busasshen ganye. "Ko yau ma ba za ka shigo ba?"

"Takalmina duk kashin kaji ne, Dogo."

"Ɗakin nan ya ga abin da ya fi kashin kaji. Ba ni, Le-kiau."

Ta ciro tsinken ta sa masa a hannu. Bai ko dube shi ba. Ya kai gindin yankan bakinsa, ya ɗan tsotsa, ya rufe ido. Sai ya ture shi da harshe, ya faɗi a kan bargo.

"Na bayan ɗakin aladu ne wannan."

"Kai, bakinka ne ya riga ka mutuwa!"

"Bakin ne kaɗai ya rage min." Ya huta, zarton ya ja, ya tsaya. "Tsohon ɓarawo. Tun muna kiwon bauna kake min haka. Ka cinye dankalin, ka ba ni ɓawo."

"To ka ci ɓawon ko ba ka ci ba?"

"Na ci." Idanun suka juyo a hankali suka tsaya a kan Ban-lai. "Ina jin ta, ka sani."

"Wa?"

"Tsutsar. Tun bara take cin cikin bishiyarka. Kullum da safe kana share garin katako daga gindinta, kana zubawa a kwata, kana waige-waige. Ina kallonka ta shinge. Na ga kuma waɗanda ka aura a ɓoye a bayan ɗakin aladu. Duk sun yi baƙi sun bushe, ko ba haka ba?"

Ban-lai ya ƙanƙame goran. Ya kawar da kai.

"Damina ɗaya ta rage mata," in ji Tek-an. "In iska mai ƙarfi ta zo, ko ita ba za ta kai ba. Tawa kuwa ba ta taɓa ƙin baƙo ba."

"Ƙarya kake, Dogo. Ɗan rakiya kake nema. Ka ga hanya da nisa, ka ce bari in ja Ban-lai."

"Ɗan rakiya?" Tek-an ya mayar da idonsa kan ƙofa, ya wuce kafaɗar Ban-lai da kallo, zuwa tsakar gida. "Ai ga su nan sun cika min gida. Tun safe suke jira. Sui-bok har ya gaji da tsayuwa ya zauna a kan turmi."

"Baba, ka daina," Le-kiau ta ce a hankali.

Ban-lai ya ji bayan wuyansa ya yi sanyi, kamar an buɗe rijiya a bayansa. Bai waiwaya ba. Ya san babu kowa a tsakar gidan sai inuwa da fararen takardu. Amma bakinsa ya riga shi.

"Me suka ce?"

"Sun ce ka yi ƙiba." Dariyar ta sake girgiza bargon. "Wa zai so tafiya da kai? Surutu har Lahira, jirgi kaza, maciji kaza. Zauna abinka ka shekara dubu. Mangwaron tsohuwarka nake so ya tsira. Na ci abinci a murhun nan, ka manta? Ita ce ta ɗinke min wando ranar da bauna ta yaga shi."

Ya rufe ido. Le-kiau ta ɗauke tsinken ƙaryar daga kan bargo ta mayar cikin raga, ba ta dubi Ban-lai ba.

Da ya koma gida, kai tsaye gindin bishiyarsa ya nufa. Da safe ya share wurin, amma ga sabon gari ya sake taruwa, ja-ja, kamar an zubar da niƙaƙƙen barkono. Ya manna kunnensa a jikin icen. Da farko bugun jininsa kawai ya ji. Sai can ciki, a nitse, ba gaggawa: ƙurus, ƙurus, ƙurus. Ya danna ɓawon da babban yatsa, yatsan ya nutse har gaɓa.

Ya daɗe a tsaye. Ya zagi tsutsar, ya zagi Tek-an da kakan Tek-an da ya bar masa bishiya, ya zagi Sui-bok da turminsa. Sannan ya ɗaga kai ya nemi reshen da ke duban gabas, wanda idanunsa suka kumbura suna shirin tohowa, ya kama shi. 

"Inna," ya ce, "ke kika ja min."

Ya yanke.

Wannan karon ba da raga ya miƙa ba. Ya tsaya dai a waje, amma ya zura hannunsa har kafaɗa. Tek-an ya ɗanɗana, ya daɗe bai saki ba, kamar jariri da nono.

"Yauwa," ya ce. "Ba shi wuƙata. Shi zai aura da hannunsa."

"Ni? Ai ka ce nawa bushewa suke yi."

"Don ba ka da mai zaginka a kusa. Hau."

Gurbin ba ɓoyayye ba ne. A gefen da ke duban gidan Ban-lai an yanke wani babban reshe da zarto tun watannin baya, kututturen ya fitar da sababbin tsirrai, an cire duka an bar guda ɗaya miƙaƙƙe, kaurin yatsa. Wato tun kafin ya kwanta ya shirya abinsa, munafukin. Ban-lai ya jingina tsani ya hau, ƙofar ɗakin tana bayansa. Fararen jakunkunan suka kewaye kansa, suna gogar kunnuwansa, kowace da nauyin abin da ke cikinta. Wurin yana warin zaƙin da ya wuce lokacinsa.

Muryar Tek-an ba ta kai tsakar gida, sai Le-kiau ta sa kunne a bakinsa ta ɗago ta faɗa.

"Ya ce ka datse tsiron daidai inda kore ya fara komawa ruwan ƙasa."

"Na sani!"

"Ya ce ba ka sani ba. Ya ce ka tsaga shi a tsakiya, kaɗan, kada ka yi kamar kana fasa itacen girki."

Ya tsaga. Wuƙar Tek-an ta sha washi har ta zama siririya kamar ganyen gora, tana shiga ice ba ƙara.

"Ya ce ka fiƙe naka gefe biyu, ja ɗaya ɗaya, kada ka yi ta sassaƙa. Kuma kada ka kuskura ka taɓa fuskar yankan da yatsa. Ya ce abin da ke kashe maka su ke nan, hannunka duk taba da zufa, sai ka yi ta shafawa kana yaba aikinka."

"Ki ce masa in ya iya ya taso ya yi!"

Bai ji amsa ba. Ya riƙe numfashi ya ja wuƙar, sau ɗaya nan, sau ɗaya can. Farin cikin icen ya bayyana yana ƙyalli, bai taɓa shi ba. Ya zura shi cikin tsagar, ya daidaita ɓawo da ɓawo yadda ya sha gani ta saman shinge. Ya ciro zaren leda daga bakinsa ya fara naɗewa daga ƙasa zuwa sama. Zufa na shiga masa ido. Gyare sun dawo da ƙararsu har kunne na zafi. Ya kai ƙarshe, zai ƙulla.

"Ban-lai."

Daga bayansa, kusa, kamar a gindin tsanin. Ba muryar busasshen ganye ba, cikakkiyar muryar Dogo ce, wadda yake kiran bauna da ita daga wancan ƙetaren rafi.

"Ƙara zagaye ɗaya. Ka ja da ƙarfi."

"To, na ji, na ji!" in ji Ban-lai a fusace. Ya ƙara zagayen, ya ja, ya ƙulla.

Sai da ya ƙulla sannan abin ya faɗo masa. A watan bakwai ko yaron goye ya san ba a amsa kira daga baya. Ya tsaya cak a kan tsanin, hannunsa a kan ƙullin. Gyare sun yi shiru. Zarton ma babu. Jakunkunan da ke kewaye da shi duk sun tsaya tsit, ko ɗaya ba ta motsi, kamar taron da ya gama abin da ya kawo shi.

Ya rufa wa tsinken 'yar leda, ya ɗaure bakinta, don aiki in an fara shi sai an gama. Ya sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya.

Babu kowa a gindin tsanin. A cikin ɗaki Le-kiau na durƙushe, ta ja bargon ta rufe fararen ƙafafun. Ta kawar da fuskarta gefe don kada hawaye ya ɗiga a jikin uban ya nauyaya masa tafiya.

"Ya tafi, Kawu," ta ce. "Tun kana fiƙe tsinken. Na ƙi faɗa maka ne kada hannunka ya yi rawa."

"Tun ina fiƙewa?"

"I."

"To wa ya ce in ƙara zagaye?"

Ta ɗago jajayen idanunta. "Zagayen me, Kawu?"

Ya dube ta, ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Ya sunkuya ya ajiye ta a kan dokin ƙofar, ya fita ta ƙofar gida kamar baƙo, bai bi ta shinge ba.

Kafin yamma an liƙa jar takarda a ƙofar Ban-lai da ta sauran maƙwabta, don abin ya tsaya inda ya tsaya. Le-kiau ta fito da farin ƙyalle ta ɗaura wa bishiyar a gindi, ta dafa ta, ta gaya mata mai gida ya tafi, ta yi haƙuri ta zauna, kada ta bi shi. Ban-lai kuwa ya shige ɗaki ya kwanta ya jira. Ya gama shirinsa: an kira shi ya amsa, yankinsa kuma yana can cikinsu. Yakan kama wuyan hannunsa ya saurara. Washegari ya farka, abin ya ba shi haushi, ya ci shinkafa kwano uku. Ranar da aka buga wa akwatin Tek-an ƙusa ya juya baya kamar yadda ya saba, amma waɗanda ke kusa da shi sun ce kafaɗunsa na rawa. Ya ce hayaƙin turare ne.

Aka rufe ƙofar watan bakwai, baƙin suka koma, aka kwashe tebura daga bakin hanya. Bai mutu ba. Bai kuma yi wa kowa alfahari da hakan ba, abin da ya sa muka fara tunanin ko ba shi da lafiya. Kullum da hantsi sai a gan shi a bakin shinge wai yana duba gwandarsa, idonsa na can sama kan 'yar ledar. Shi kansa bai san abin da yake roƙo ba, ta kama ko ta bushe.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, Le-kiau tana shara ta ji an turo ƙofar gida. Ban-lai ne, da sandarsa. Bai gaishe ta ba, ya wuce gindin bishiyar ya ɗaga kai. Cikin ledar ya yi gumi, ta cikin gumin kuma ana hango wasu 'yan ganye biyu, jajaye kamar hanta, laɓe-laɓe, sun rataya kamar yanzu aka haife su.

"Ya kama, Kawu," ta ce.

"Ina da ido."

"In kawo tsani ka cire ledar?"

"Bar shi ya ƙara ƙwari."

Ya waiga ya ga turmin a kife a inuwa. Ya tsaya yana dubansa, sannan ya matsa ya zauna a gefe ɗaya, a ɗofane, ya bar rabin wurin. Le-kiau ta shiga ta fito da butar shayi a kan faranti, ta ajiye a gabansa. Sai da ta ajiye ta ga ƙananan kofuna biyu ta ɗauko, yadda hannunta ya saba. Ta miƙa hannu za ta ɗauke ɗaya.

Ban-lai ya riga ta ɗaukar butar. Ya cika na gabansa, ya cika ɗayan, ya tura shi kaɗan zuwa wajen gindin bishiyar. Tururi ya tashi daga kofunan biyu, ya miƙe sama cikin ganyen da ke ɗigar ruwa.